Lada Samara da Hausar Makanikai a Nima da Maamobi

1.0 Gabatarwa

Kukan da ɗalibai suka fi kawo mini shi ne wai Hausa takan ƙare musu da zarar an ɗaga bonet ɗin mota. Suna iya fassara tatsuniya, suna iya warware karin magana, amma in aka ce su bayyana yadda ƙarfin inji yake kaiwa ga taya, sai su sulale su koma Turanci. Alhali kuwa a Nima da Maamobi, unguwannin zango na birnin Accra, wanda tsofaffi suke kira Ankara, akwai mutanen da tun safe har magariba ba su da wata magana sai wannan, kuma da Hausa suke yin ta. Su ne makanikai, waɗanda a Gana ake ce wa fita, da yaransu, da direbobin tasi da ke zaune a benci suna jiran a gama musu aiki.

Wannan takarda za ta ɗauki mota guda ɗaya ta yi bayanin ƙirarta da aikinta da irin kalmomin da waɗannan mutane suke amfani da su. Motar ita ce Lada Samara, wadda Tarayyar Sobiyet ta fara ƙerawa a ƙarshen 1984, lokacin mulkin gurguzu. Mai karatu zai iya tambaya, don me aka zaɓi motar da mutum zai wuni a bakin babban titin Nima bai ga ko guda ba? Dalilin shi ne, duk da ba a ganin ta, kusan kowace tasi da za ta wuce shi a wannan titi, Kia Picanto ce ko Hyundai i10 ko Toyota Vitz ko Daewoo Matiz, a bisa tsari ɗaya aka gina ta da Samara: gajera, injinta a gicciye, tayoyin gaba ke jan ta, bayanta kuma ƙofa ce mai ɗagawa. Tsarin ya ci gari, ita kuwa motar ba ta ci ba. Yadda aka yi haka ta faru shi ne abin da za mu bi diddigi.

2.0 Sunan Siffar

Ƙananan motocin gida iri uku ne ta fuskar siffa. Akwai salun, mai akwati uku: na inji a gaba, na mutane a tsakiya, da but na kaya a baya, kowanne a rufe daban. Akwai wagon, mai dogon rufi har ƙarshen baya, kamar Fijo 504 da ta daɗe tana jigila tsakanin garuruwan ƙasar Hausa. Ta uku ita ce tamu. An datse bayanta, ba ta da but daban, gilashin baya da murfi duk ƙofa ɗaya ce da ake ɗagawa sama, kuma kujerar baya tana kwantawa a sami filin kaya. Masu ƙera mota suna ƙirga wannan murfi a cikin ƙofofi, shi ya sa ake jin mai ƙofa uku da mai ƙofa biyar.

Hausa ba ta tsayar wa wannan siffa suna guda ba. Direbobi sukan kira motar da sunan da kamfani ya ba ta, a ce Golf ko Tico, magana ta ƙare. A aji an taɓa kawo shawarar a ari kalmar Turanci a ce hacibak. Wannan ba laifi ba ne, don haka aka ari birki da kuloci da sitiyari, sai dai aro yakan zauna ne idan bakin jama'a ya riga ya karɓe shi, ba malami ya ɗora shi daga allo ba. Wasu suka ce a kira ta mai ƙofar baya, amma kowace mota mai ƙofa huɗu tana da ƙofar baya har biyu. A nan za mu riƙa cewa mai guntun baya, domin ya bi hanyar da Hausa ta saba bi wajen raɗa wa mota suna da abin da ido ya gani ko abin da take yi, kamar yadda aka sami a-kori-kura.

3.0 Tsohuwar Lada

Ba a fahimtar Samara sai an san wadda ta gada. A 1966, shekarar da sojoji suka hamɓarar da Kwame Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu aka kuma sallami ƙwararrun Sobiyet daga Gana, gwamnatin Mosko ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Fiat na Italiya don a gina babbar masana'antar mota a bakin kogin Volga. Garin da aka gina ta sunansa Tolyatti, an raɗa masa sunan Palmiro Togliatti, shugaban jam'iyyar kwaminis ta Italiya. Masana'antar ita ce VAZ, wadda daga baya aka sani da AvtoVAZ. Motarta ta farko, VAZ-2101, ta fito a 1970. Fiat 124 ce aka sake wa tufafi don hanyoyin Rasha: aka ƙara wa bodi kauri, aka ɗaga cikinta daga ƙasa, aka sa mata sabon inji, aka mayar da birkin baya irin na ganga, har da ramin sa hannun tayar da inji in batir ya mutu saboda sanyi.

A gida sunanta Zhiguli. Lada sunan fita waje ne, kuma da shi ta shigo Afirka. A Addis Ababa ta zama tasi mai shuɗi da fari, a Alƙahira ma ta yi aikin tasi shekara da shekaru. A Nijeriya kamfanin WAATECO ne ya riƙa sayar da motocin Sobiyet. A Gana ma an san ta, ita da 'yar'uwarta Niva mai jan taya huɗu, wadda ta fito a 1977. Komawar Gana tuƙin hannun dama ranar 4 ga Agusta 1974, shekara biyu bayan Nijeriya, ta sa motoci masu sitiyari a hagu irin na nahiyar Turai da Rasha suka dace da titunanta.

Wannan tsohuwar Lada salun ce, kuma tayoyin baya ke tura ta. Injinta a miƙe yake, wato yana kallon gaba. Ƙarfi yakan fita daga inji ya bi ta kuloci ya shiga giyabos, daga nan ya bi wani dogon ƙarfe mai juyawa a ƙarƙashin mota, wanda makanikai ke kira farfela, har ya isa aksul na baya, shi kuma ya raba shi ga tayoyi biyu. Ba ta da kyan gani, tana da nauyin sitiyari, tana shan mai. Amma duk abin da ke cikinta a fili yake, hannu yana kaiwa gare shi, kuma fita mai sifana da sukuddireba da guduma yana iya tayar da ita.

4.0 Ƙirar Samara

Zuwa tsakiyar shekarun 1970 Turai ta riga ta juya wa wancan tsari baya a ƙananan motoci. Mini ta Ingila ta gicciye inji tun 1959, Fiat 128 ta 1969 ta nuna yadda za a jera inji da giyabos kafaɗa da kafaɗa, sannan Volkswagen Golf ta 1974 ta haɗa wannan da guntun baya ta kwashe kasuwa. Tarayyar Sobiyet tana bukatar kuɗin waje, kuma mota tana cikin 'yan kayan masana'anta da take iya sayar wa Yammacin Turai. Saboda haka tilas ta bi sahu. Injiniyoyin Tolyatti suka gama samfurin farko a ƙarshen 1978, aka ɗauko kamfanin Porsche na Jamus ya taimaka wajen inji da daidaita tafiyar motar, aka kuma sayi lasisin kafireta daga kamfanin Solex na Faransa. Mai ƙofa uku, VAZ-2108, ta fara fitowa a Disamba 1984. Mai ƙofa biyar, VAZ-2109, ta biyo a 1987, sannan salun, VAZ-21099, a 1990.

A cikin gida an sa mata suna Sputnik, ma'ana abokin tafiya, wato sunan nan da aka ba tauraron ɗan'adam na farko. A waje aka kira ta Samara, sunan wani kogi na yankin, kuma tsohon sunan babban birnin lardin, wanda a lokacin ake kira Kuibyshev har zuwa 1991. Ba ta da dangantaka da Samarun Zariya ko da samari, ko da yake kunnen Bahaushe ba ya rasa jiyo su. Mutanen Rasha kuwa, kamar namu, ba su damu da sunan kamfani ba. Sun kira mai ƙofa uku Takwas, mai ƙofa biyar Tara, saboda lambobinsu na ƙarshe, suka kuma yi mata laƙabi da cizal saboda tsinin hancinta.

Babban sauyin da aka yi shi ne na jan gaba. An kwantar da injin a gicciye tsakanin tayoyin gaba, giyabos yana manne a gefensa. Daga giyabos wasu gajerun ƙarafa biyu, waɗanda ake kira shaf, suke fita, ɗaya hagu ɗaya dama, kowanne zuwa tayarsa. Ke nan babu farfela, babu aksul mai nauyi a baya. Amfanin wannan a bayyane yake. Nauyi ya ragu, motar ba ta wuce kilo 900 da 'yan kai ba. Ƙarfin da ke ɓacewa a doguwar hanya tsakanin inji da taya ya ragu, don haka shan mai ya ragu. An sami ƙarin fili a ciki, ko da yake tsawon motar duka mita 4 ne da ɗan ɗigo. Har ila yau, da yake nauyin inji yana kan tayoyin da ke ja, motar takan kama ƙasa a kan santsi, ƙanƙara ce a Rasha ko taɓo a nan.

Sai dai tayar gaba yanzu aiki biyu take yi, tana ja kuma tana juyawa da sitiyari, ga hawa da sauka a kan gargada. Don haka kowane shaf yana da gaɓa a bakinsa biyu, mai lanƙwasawa kamar gwiwa tana kuma juyawa. Gaɓar cike take da giris, an rufe ta da wata roba mai ninki-ninki. Ɗalibi ya riƙe wannan roba a ransa, domin ƙanƙanuwa ce amma rayuwar motar jan gaba a ƙasashenmu a kanta take. Muddin tana lafiya, gaɓar takan yi shekaru. Ran da ta tsage, giris ya fita, yashi da ruwan kwata su shiga, ba a daɗewa sai a fara jin ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da aka karya kwana. Direban da ya ji wannan ƙara ya yi shiru, zai sayi shaf sukutum a maimakon roba.

Ƙafafun gaba irin waɗanda ake kira MacPherson ne, wato shokazoba da sifirin a haɗe wuri ɗaya kamar ginshiƙi. Na baya kuwa ƙarfe guda ne a gicciye mai ɗan murɗuwa, ba ya cin wuri. Sitiyarin na haƙora ne a kan miƙaƙƙen ƙarfe, ya fi na tsohuwar Lada sauƙi da jin magana nesa ba kusa ba. Giya biyar gare ta a yawancin waɗanda aka fitar waje. (A lura, giyar mota da giyar sha rubutunsu ɗaya ne a boko, amma wasalin farko na giyar mota dogo ne. Wanda ya gajarta shi a gaban Alhaji mai mota zai sha kallo.)

Injin iri uku ne: mai lita 1.1, da mai 1.3, da mai 1.5, duka masu silinda huɗu. Akwai abubuwa biyu a cikinsa da suka shafi aikin fita kai tsaye. Na farko, a injin Lada ta farko kaca ce take haɗa juyin ƙasan inji da na samansa, don bawul su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistin. Kaca in ta tsufa takan yi ƙara, ta ba da sanarwa. A Samara bel ne na roba mai haƙora. Ba ya ƙara, ba ya bukatar bakin mai, amma ba ya sallama kafin ya tsinke. In ya tsinke a injin 1.3 mota tana gudu, bawul sukan tsaya a buɗe, fistin ya taso ya buge su su lanƙwashe, sai an sauke kan inji. A injin 1.5 an yi wa kan fistin 'yan ramuka, don haka ko bel ya tsinke ba sa haɗuwa, sai dai mota ta tsaya a sa sabo. Wanda ya san wannan bambanci ya san wadda zai saya. Na biyu shi ne wuta. Tsohuwar Lada tana da kontak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa don aika wuta ga fulogi. In sun ci, fita ya goge su da sanfefa, a ci gaba da tafiya. A Samara an maye gurbinsu da wani ɗan akwatin lantarki a rufe. Ya fi kontak daidaito, amma in ya mutu ba a gyara shi, sai dai a sake wani. Na farko-farkon sun yi ƙaurin suna wajen mutuwa ba zato, har direbobin Rasha suka saba ajiye na safaya a cikin mota.

5.0 Aikinta a Kan Hanya

A kan takarda Samara ba ta da abin kunya. Mai injin 1.3 tana da ƙarfin doki wajen 64, tana kai gudun kilomita 148 cikin awa, kuma daga tsaye zuwa kilomita 100 takan ɗauki kimanin sakan 16. Lada ta farko, mai ƙarfin doki kusan ɗaya da wannan, takan haura sakan 20. Mai injin 1.5 takan wuce kilomita 150. A doguwar hanya da matsakaicin gudu tana shan wajen lita 6 a kilomita 100, a cikin gari kuma lita 8 zuwa 9, tankinta yana cin lita 43. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa da kimanin santimita 16, abin da ya fi na yawancin takwarorinta na Yammacin Turai, kuma duk wanda ya taɓa ƙetare kwalbati a lungunan Maamobi ya san darajar kowane santimita. Waɗanda suka tuƙa ta sun yaba yadda take riƙe hanya a kwana.

Sunanta ya taɓa ratsa ƙasar Hausa ta wata hanya dabam. A tseren Paris zuwa Dakar na 1990, wanda ya bi ta Nijar ya yada zango a Agadas, direba Jacky Ickx ɗan ƙasar Beljiyam ya zo na 7 a cikin wata mota mai suna Samara T3. To, amma kada ɗalibi ya ruɗu. Wannan mota a Faransa aka haɗa ta, injin Porsche ne a cikinta, kuma ba ta haɗa komai da ta kasuwa ba sai suna da kamannin bodi.

Aibinta a wajen haɗawa yake. Masu gwajin mota a Ingila, inda aka fara sayar da ita a 1987, sun koka da robobin ciki masu karyewa, da ƙofofin da ba sa zama daidai, da ƙarar kwaramniya ko'ina, da maɓallan da ke daina aiki. Wasu dilolin Turai sai da suka riƙa sake mata kujeru da wasu kayan ciki kafin su kai ta gaban mai saye. Dalilin wannan ba rashin injiniyoyi ba ne, tsarin ne. A tattalin arzikin gurguzu gwamnati ce ke yanka wa masana'anta adadin da za ta fitar, kuma da adadi ake auna ta. Mai saye a cikin gida yakan rubuta suna ya jira shekaru, in motarsa ta iso ba ya da bakin cewa ƙofa ta karkace, don akwai dubbai a bayansa da za su karɓe ta a haka. Masana'antar da ba ta taɓa jin an ce mata a'a ba, da wuya ta koyi gyara ƙofa. Ko a ƙirar ma akwai abin da ba a yi da tunanin mai kaya ba: murfin baya bai sauko har bamba ba, ya tsaya a saman fitilu, don haka sai an ɗaga buhu sama sosai kafin a jefa shi ciki. Tana da hita mai ƙarfi don sanyin Rasha, wadda a Accra ba ta da aikin yi.

6.0 Abin da ya Hana ta Zama a Zango

Nima ta faro ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani Bafillace mai fataucin shanu, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu. Tun daga nan unguwar fatake ce da 'yan ci-rani, kuma abin da mutanenta suke nema a mota shi ne ta ɗauki mutum da kayansa. Ranar Laraba, babbar ranar kasuwar Nima, za ka ga an kwantar da kujerar bayan tasi an loda buhun masara ko na albasa, murfin baya a ɗage an ɗaure shi da igiya. Da Babbar Salla rago ne ke shiga wurin. Wannan aiki mai guntun baya ta fi salun iya shi, kuma gajartarta tana ba ta damar juyawa a inda doguwar mota ba ta isa ba. Tana da rauni ɗaya a nan: idan aka danne bayanta da kaya aka doshi hawa, nauyi yakan bar tayoyin gaba, su riƙa juyawa a banza a kan tsakuwa. A irin wannan wuri tsohuwar mai turin baya ta fi ta.

Ke nan siffar Samara ta dace da zango. Lokacinta ne bai dace ba. Tun daga Afrilu 1983 gwamnatin Rawlings ta kama shirin farfaɗo da tattalin arziki tare da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, aka riƙa sassauta shigo da kaya sannu a hankali. Abin da ya biyo baya shi ne kwararar tsofaffin motocin Turai ta tashar jirgin ruwa ta Tema, waɗanda a Gana ake kira hom-yus, a Kano kuma 'yan Beljiyam ko tokumbo. Opel Kadett da Opel Astra da Nissan iri-iri suka cika tituna, aka shafa musu ruwan ɗorawa a kafaɗu huɗu kamar yadda dokar tasi ta Gana ta tanada. A daidai wannan lokaci Tarayyar Sobiyet ta wargaje, a Disamba 1991, hanyoyin cinikin gwamnati da gwamnati da suka kawo Lada Afirka suka tsinke.

Akwai wani abin da ba kowa ya lura da shi ba. Tsohuwar Opel da Bajamushe ya gaji da ita, Afirka take nufa. Tsohuwar Lada da Bature ya gaji da ita kuwa, gida take komawa. A shekarun 1990 ma'aikatan jiragen ruwa da 'yan kasuwar Rasha sun riƙa saye Ladojin da ke Ingila da sauran ƙasashen Yamma suna mayar da su ƙasarsu, inda ake nemansu ruwa a jallo kuma kayan gyaransu suke a ko'ina. Saboda haka rafin da ya kawo sauran motoci Tema, ita gabas ya yi da ita.

Wannan shi ne ya yanke hukunci, domin mota a Accra da kayan gyara take rayuwa. 'Yan kasuwar Abossey Okai, babbar kasuwar kayan mota ta birnin, da na Suame Magazine a Kumasi, mafi yawan kayansu daga wuraren farfasa tsofaffin motoci na Turai da Koriya da Japan suke zuwa. Motar da aka farfasa dubbanta a can, ita ce shaf ɗinta da kan injinta da akwatin wutarta suke da araha a nan. Direban tasi kuwa sau da yawa motar ba tasa ba ce. Kullum akwai kuɗin da zai kai wa mai mota, abin da a Kano ake kira balas, ko kuma yana biya ne kaɗan-kaɗan har motar ta zama tasa. Ran da ta kwana wurin fita, ba kuɗin cefane, bashi kuma yana hawa. Irin wannan mutum ba ya tambayar sakan nawa mota take ɗauka ta kai kilomita 100. Tambayarsa ita ce, in bel ya tsinke da hantsi, yaron fita zai je Abossey Okai ya dawo da wani kafin la'asar? Tsohuwar Lada ta jure rashin kaya saboda ana iya yi mata dabara. Samara ta bar zamanin dabara ta shiga zamanin sauya kaya, ba tare da kasuwar kayan ta biyo ta ba.

A gida kuwa ta yi tsawon rai. An janye Lada daga kasuwar Ingila a 1997 saboda dokokin hayaƙi. Kamfanin Valmet na ƙasar Finlan ya haɗa wata ingantacciyar Samara daga 1996 zuwa 1998 don kasuwar Turai. A Tolyatti an ci gaba da ƙera jikokinta har 2013.

7.0 Ladarsa da Ladansa

Sunan wannan mota yana ba mu damar duba wani bambanci tsakanin Hausar Kano da ta zangon Gana. A daidaitacciyar Hausa, lada, wato sakamakon aikin alheri ko na wahala, namiji ne. Sunan mota kuwa yakan ɗauki jinsin kalmar mota, wadda mace ce. Dubi waɗannan misalai:

(1) Ladansa yana wurin Allah.
(2) Ladarsa tana wurin makanike.

Harafin mallaka, -n ko -r, da wakilin suna, yana ko tana, su ne suka raba ma'ana biyu. A Hausar Nima da Maamobi, musamman a bakin waɗanda aka haifa a can, jinsin mace ya ɓace daga sunayen abubuwa. Ana cewa motan shi, ba motarsa ba, kuma mota ya lalace. Don haka jumla ta (2) takan fito kamar haka:

(3) Ladan shi yana wurin fita.

A nan nahawu bai raba komai ba, sauran jumlar ce ta nuna mota ake nufi. Haka kuma ƙ da ɗ da ɓ sukan koma k da d da b, a ji kofa a maimakon ƙofa. Sautin ky da gy sukan koma c da j, har k da g ma in sun zo kafin wasalin i: kyau ya zama cau, gida ya zama jida, gyara ya zama jara. Ɗalibin da ya ji an ce a kai mota wurin jara, ya sani gyara ake nufi.

Waɗanda za su je tattara kalmomi wurin makanikai a wannan zangon karatu su kiyaye abu biyu. Mai wurin ana ce masa Masta, ko Alhaji in ya sauke farali, kuma shi ake fara gaisarwa a nemi izini kafin a yi wa yaransa tambaya. Sannan a rubuta kalma yadda ta fito daga bakin mai ita, ba yadda ƙamus ya tsara ta ba. In ya ce jara, a rubuta jara, a sa gyara a gefe. In an nuna masa robar bakin shaf ya ba ta wani suna da ba ya cikin wannan takarda, a rubuta sunan, da unguwar, da irin motar da yake aiki a kanta a lokacin.